Awon da Ke Bangon Shagon Sodangi

"...To madalla. Ina mutanen Lambara? Sun koyi wanka, ko har yanzu albasa suke shahwawa a jiki?"

Sodangi tela ne ya yi wannan gaisuwar, ƙafarsa na kan keken ɗinki, bai ko ɗaga kai ba. Tarin da ya ji a bakin ƙofa ya ishe shi sanin cewa Amadu ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, manomin albasa daga yankin Shagari. Shekara arba'in ke nan duk ranar kasuwar Bodinga sai Amadu ya zo shagon nan, amma rabonsa da tsallaka dokin ƙofar shekara shida cur. Sai dai ya toge a waje, rana na dukan ƙeyarsa, su yi ta jifan juna da magana har la'asar. Sodangi bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana cinsa a rai.

"Lahiya lau suke, sun ce in gaishe da bawansu," in ji Amadu. "Sun kuma ce in tambaye ka, buhun da kaɗ ɗunka man da Salla, na gero na ko na dawa?"

"Kaftani na, baƙauye. Ba ka saba da kayan birni ba."

"Bodinga ta birni? Iko sai Allah! Na sa shi na tahi Idi, iska tat taso, sai da ƙatti biyu sunka danne ni. Jikata ta shiga ciki tana wasan ɓuya, har yau nemanta muke."

"Ƙarya dai ba ta yi maka wuya." Sodangi ya nuna bango da almakashi. "Ga awonka can, da hannuna nir rubuta. Karanta in ka iya."

Bangon ya yi baƙi ƙirin, kuma duk wanda ya taɓa ɗinki a shagon sunansa na jiki, wani da alli, wani da fensir. Can kusa da kusurwa an rubuta: Amadu Albasa, ƙirji arba'in da biyu. Sodangi mutum ne da zai yarda ka zagi hularsa da gemunsa, amma ba awonsa ba.

"To hito ka sake aunawa," in ji Amadu.

"Ni? In auna mutum bisa titi? Ka gan ni da keke a kai ina yawo gida gida? Mai son awo shi shigo ciki."

"Ba ni shiga murhu."

"To ci gaba da sa buhu."

Nan suke tsayawa kullum, shekara shida babu wanda ya gusa. Yau kuwa sai Amadu ya ajiye ledar shadda a dokin ƙofa, ya ce ta sunan jikansa ce, kuma kada a ɗinka masa rumfa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda da biro.

"Wannan kuma mine na?" in ji Sodangi. "In takardar 'yancinka ta, ba ni sa hannu. Bawa kake har ka mutu."

"Ɗiyata Sakinatu tab ba ni, mai aikin asibiti. Ta goyon baya ta. Ana son a bar busa taba cikin shago, da ɗakin mai shayi, da motar haya, da duk inda jama'a ka shiga a ruhe. Masu shaguna na wajenmu da dama sun sa hannu. Nic ce mata akwai wani tsohon bututu a Bodinga, in shi yas sa, kowa ya sa."

Ƙafar Sodangi ta tsaya a kan keke. Idonsa ya kai kan wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin tebur, cike da toka da guntayen sigari. Gaskiyar magana, babu mahalukin da ya taɓa ganin Sodangi da karan sigari a kan titi. Dattijo ne mai surukai, a sahun gaba yake salla. In ya ci abincin rana sai ya jawo ƙofa, ya kunna ɗaya, wani lokaci biyu. Duk Bodinga an sani, don ko rigar amarya ya ɗinka sai an shanya ta kwana biyu, amma sani daban, gani daban, kuma a kan wannan mutuncinsa ya tsaya.

"Ka san abin da kake hwaɗi kuwa?" ya ce. "In an hana ciki, ina za ni sha? Waje? Ni da hurhurata, da kara a baki, surukina na wucewa bisa mashin yana rage wuta shi gaishe ni?"

"Ashe ka san abin kunya na."

"Don na san abin kunya na nike ruhe ƙohwa!"

"Kana ruhe ta da mutane ciki."

"Wa yat taɓa kuka? Wa? Shagon ga, gwamna bai da majalisa irin tashi. Ka manta?"

Amadu bai manta ba, Sodangi kuwa ko rufe ido ya yi yana ganinsu. Bashar direba a kan bencin nan, yana ba da labarin hanyar Ikko, kullum ɓarayin da ya tsere wa suna ƙaruwa. Abdulrazak mai gyaran agogo ya manna kunne a rediyo yana neman tasha. Maniru na zuba shayi daga wannan kofi zuwa wancan. An jawo ƙofa, hayaƙi ya cika ɗaki har sai da murya kake gane mutum, ana dariya kamar ba za a mutu ba. Bashar ne ya kawo gwangwanin nan, ya huda murfin da wuƙa. Shi ne kuma ya kafe tagar baya da ƙusa huɗu, ranar da iska ta watsa toka a kan farar shaddar wani alhaji. Yanzu Bashar ya rasu, Abdulrazak ya bi shi, Maniru yana Sakkwato wurin ɗansa, ƙafa ta ƙi. In Sodangi ya buɗe shago da safe warin nan ya tarbe shi, sai ya ji kamar yanzu suka tashi, za su dawo. Abin da yake tsoron rasawa ke nan, ba sigarin kaɗai ba.

"Na tuna sarai," in ji Amadu. "Na tuna ma inda nike zama. Ƙuryar can, ƙarƙashin sunana. Kun ce tun da ba ni sha, ba ni da gamin gwangwani, in matsa ciki in ba manya wuri."

"Wurin alhwarma munka ba ka, butulu. Babu rana, babu ƙura."

"Babu iska kuma. Ka san abin da likita yat tambaye ni, shekarar da nib bar shigowa? Yad dubi hoton ƙirjina, yad dube ni, yac ce, 'Baba, kwali nawa kake sha a yini?' Nir rantse mai ban taɓa kai ta baki ba. Yac ce to ina nike zama? Nic ce ina da wani bawa a Bodinga, matsiyaci, ba shi da abin karrama baƙo sai hayaƙi." Amadu na faɗa yana murmushi. "Shekara talatin da huɗu kana shayar da ni kyauta, ko na gode ban ce ba. Yau dai na gode."

Sodangi ya ajiye almakashi a kan tebur.

"Kai kac ce man wari na yah hana ka shigowa," ya ce a hankali. "Nic ce mai albasa bai da bakin zancen wari."

"To mi za ni cewa? Ina za ni kai ƙararka? Wurin Inna? Ta rasu. Da tana nan ma bayanka za ta bi, ɗan wanta ya hi ɗanta."

Amadu ya kwashe da dariya, dariyar ta juye tari. Ya dafa bango ya duƙa, kafaɗunsa na rawa a cikin kaftanin Salla, wanda yau Sodangi ya lura hannunsa ya rufe har yatsu. Tarin ya daɗe. Wata mai fura da ke wucewa ta tsaya ta ce sannu Baba, ta yi gaba.

Sodangi ya miƙe. Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya tsallake ledar shadda, ya fito cikin rana tsakar kasuwa.

"Ɗaga hannu, baƙauye."

"Bisa titi? Jama'a ku zo ku ga telan yawo!"

"Ɗaga nic ce."

Ya zagaya tef ɗin a ƙirjin Amadu, ya haɗa, ya duba. Ya kwance ya sake. Ya goge lambar da babban yatsa ya sake na uku. A ƙarƙashin hannunsa yana jin haƙarƙari ɗai ɗai, da wani ƙugi a ciki duk lokacin da Amadu ya ja numfashi.

"Nawa?" in ji Amadu.

"Tef ɗin ya lalace. Kayan yanzu."

"Nawa, Sodangi?"

"Talatin da shida."

Inci shida. Ashe duk shekarun nan mutumin da ke bango yake yi wa ɗinki, wanda ke tsaye a ƙofa kuwa yana ƙarewa a gaban idonsa, shi yana ta kare awo. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa jin kamarta ba, ta fi ta suruki nesa ba kusa ba.

"Kawo biron," ya ce.

"Ka iya rubutu? Ko in nemo maka tawada ka dangwala?"

"Kahin a haihe ka nike rubutu."

"Wata uku kab ba ni."

"Wata ukun ga sun ishe ni."

Ya dafa takardar a jikin ƙofa ya rubuta sunansa ɓaro ɓaro, ya ƙara da "tela" don kada a yi zaton wani ne. Sannan ya koma ciki, ya ɗauko tsohon almakashi, ya ɓamɓare ƙusoshin Bashar ɗaya bayan ɗaya. Tagar ta yi ƙara ta buɗe, haske ya faɗo daidai ƙuryar Amadu. Sodangi ya tsaya jim yana kallon wurin, ya yi wa Bashar da Abdulrazak addu'a a ransa. Ya duƙa ya ɗauko gwangwanin, ya juye tokar a bayan taga, ya fito da shi.

"Ungo. Tukuicin tahiyarka. Ka je ka adana irin albasa."

Amadu ya juya gwangwanin yana dubawa. Ya san na wane ne, ya kuma san abin da aka ba shi.

"Shekara arba'in, dukiyar da bawana yat tara ke nan. To kai hwa? In ta motsa maka bayan azahar?"

"Goro. In ya ƙiya, in biyo ka Lambara in sha bayan rumbun albasa, can ba mai jin wari. Kasuwa mai zuwa za ni sa a wanke shagon ga, a shahwa hwarar ƙasa. Ka zo ka shigo, ka zauna bakin taga awa mutum."

"Sunayen hwa?"

"A kewaye su."

"To ka goge wancan arba'in da biyun, tun da ka ga ƙarya ta."

Sodangi ya waiga ya dubi bangon, ya ɗauki ledar shadda ya rungume, ya yi dariya, idonsa na ƙyalli.

"Ba ni goge shi. Kai za ka ci tuwo ka cika shi."