Rasuwar Dorinar Siminti ta Lambun Yara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙyamar da na kasa haɗiyewa, ni Malama Hindu Halliru, mai koyar da aji shida a makarantar unguwar Poumpoumré, nake sanar da rasuwar dorinar siminti ta Lambun Yara da ke hanyar kogi. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a hannun lebura huɗu da gudumarsu, tana da shekara talatin da biyu.

Wanda ya san lambun a shekarun farko zai tuna ciyawa kore shar, da famfo mai feshin ruwa, da lilo iri-iri, da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye darbejiyoyi. A tsakiya marigayiya take, shuɗiya, baki buɗe. Yaro ya shiga ta baki, ya ratsa ciki, ya sulalo ta wutsiya yana dariya.

Ba ta taɓa kifar da kwalekwalen kowa ba kamar danginta na kogin Binuwai. Ba ta damu ko da Fulatanci ka zo, ko Hausa, ko Faransanci ba. In ka yi raɗa a cikinta, sai ta mayar maka da ita ƙatuwa, ta ƙara da nata "huuum". Shi ya sa kowace shekara, kafin jarrabawar baka, nake kai mata ɗaliban da kunya ta ɗaure wa harshe, su shiga ɗaya-ɗaya su karanta darasi, su ji muryarsu ta cika wuri. Clémentine, ungozomar nan da ke daka wa mazaje tsawa a ƙofar ɗakin haihuwa, a nan ta fara buɗe baki.

Jinya ta soma ne da aka ba wani ɗan kasuwa hayar lambun. Famfo ya ƙafe. Jirgi ya tafi wurin 'yan gwangwan. Aka shafe marigayiya da fenti ruwan ɗorawa, aka rubuta tallan lemo a haƙarƙarinta. Da aka buɗe mashaya inda lilo yake, bakinta ya zama juji: kwalabe, ƙayar kifi, ledoji. Abin da manya masu furfura suka riƙa yi a cikinta kuwa ba zan rubuta ba, domin ɗalibaina za su karanta. Sau uku ni da ɗalibaina muka je da tsintsiya da bokiti. Sau uku na rubuta wa mai hayar wasiƙa, da ladabi.

Ranar Laraba na kai ɗalibata Kaltumi, wadda tun buɗe makaranta ban ji muryarta daga inda nake tsaye gaban allo ba, ga jarrabawa saura mako biyu. Muka tarar da ɓaraguzai. Mai gadi ya ce, "Madam, wurin wankin mota za a yi. Ci gaba ne ai." Kaltumi ta tsinci haƙori ɗaya ta sa a jaka.

Marigayiya ta bar ƙaninta Zakin siminti mai kunne ɗaya, wanda aka ɗaura wa igiyar shanya. Ta bar Baba Édouard mai hoto, da ɗaruruwan mutanen da suka iya magana a gaban jama'a.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a farfajiyar makarantarmu. Babu salla, siminti ce. Za a binne haƙorin a gindin darbejiya. Mai hayar lambu kada ya wahalar da kansa da aiko lemo.

Ina roƙon tsofaffin ɗalibaina su zo da yawa. Za mu yi da'ira kafaɗa da kafaɗa, daidai faɗin cikin marigayiya, kowa ya juya baya. Kaltumi za ta tsaya a tsakiya ta karanta darasinta. Duk inda ta dakata, ku amsa da "huuum". Kada wanda ya waiwaya, kada kuma wanda ya ce mata ta ɗaga murya.