Pikop Ɗin da Kaka Asiatu Ke Jira

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Kai dai ba ka ji daɗi ba da ka tarar ina numfashi, mijin banza."

"Haba amarya, ko 'ina kwana' ba ki bari na ƙarasa ba. Ai murna nake. In kin tafi wa zai riƙa cinye mini sikari?"

"Wane sikari? Wanda kake kawowa a ƙulle kamar kwalli?"

Mai wannan baki uwata ce, Kaka Asiatu. Ta haura tamanin, ta yi cinikin goro a kasuwar Salaga har ƙafafu suka ce sun gaji. Tun ƙaramar salla suke kumbure. Asibiti sun ba ta ƙwayoyi sun ce ta koma gida ta huta, mu kuma mun gane abin da suke nufi. Bakin nan ne kaɗai ciwo bai iya taɓawa ba. Wanda take wa tsiyar jikanta ne Mutawakilu, ɗan wana marigayi. Tun yana goye take kiransa miji yana kiranta amarya, kuma ban taɓa jin sun rabu da juna da kalma mai daɗi ba. Ran nan da hantsi mun fito da ita baranda ta sha iska, ni ina gefe ina tsintar wake. Daga inda take zaune tana hangen motarsa a ƙarƙashin darbejiya, inda ta yi wata uku a tsaye.

Ta nuna motar da haɓa. "Yaya akurkin naka?"

"Wane akurki? Pikop ce mai dizal. Injinta na Japan ne paa, na asali."

"To Japan ta yi ƙwai uku jiya a kujerar direba. Ka je ka kwashe kafin ta ƙyanƙyashe."

"Hassada ce. Kin ga mijinki ya zama mai mota, ke kuma ko keken guragu ba ki da shi."

"Mai mota! Ka sayar da motokin ɗinka mai ƙafa uku da yake kawo mana abinci, ka haɗa da bijimai biyu na ubanka, ka yi wanka ka tafi Bawku. Ka je ka sayi mota da tsakar rana. Da tsakar rana, jama'a! Mai ita ya ɗumama ta tun safe, ka taɓa ka ji zafi ka ce rana ce."

"Rana ce mana. Kin san ranar Bawku kuwa?"

"Na san ta tun ubanka bai iya ɗaura wando ba. A saman lori nake kai goro can. Mai dizal da sanyin safiya ake gwada ta, kafin kowa ya taɓa ta. Ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba ma na san wannan."

"Ai dai ta kawo ni gida."

"Ta kawo ka ko ka kawo ta? An ce tun daga Gushegu har Yendi turo ta kuka yi, kai da wani bawan Allah da ka rage wa hanya. Har yau in ya ga farar mota sai ya faɗa daji."

"Ƙarya ne! Sau huɗu kawai muka tura."

"Sauran kuma tarakta ta ja."

Wannan ba sharri ba ne, da idona na ga tarakta ta shigo da ita daga hanyar Bimbila. Kuma a ranar ne Kaka ta yi maganar da ta jawo mana wannan zama. A zangonmu, duk mai abin hawa mai buɗaɗɗen baya, in an yi rasuwa shi ake bugo wa ƙofa ya kai makara maƙabarta. Shekarun nan motokin ne ke wannan aiki. Kaka ta ga yadda aka kai ƙawarta Damata, makara tana tsalle a ramukan hanya, maza huɗu sun danne ta kada ta zame. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta ga pikop a ƙofar gida sai ta tafa hannu ta ce, "Madalla, motata ta iso. Ni ba za a kai ni a motokin kamar buhun gawayi ba. Gyara ta, miji, ita nake jira. Ran da ta tashi na shirya."

Kowa ya yi dariya. Sai daga baya na tuna Mutawakilu bai yi ba.

Gyara kam an yi. Yusif bakanike ya yi sati biyu a ƙarƙashinta. An sake hita, an wanke nozul, an kai famfon mai Tamale an dawo da shi, an sayi tayoyi biyu na hannu. Amma kullum sai Mutawakilu ya ce da saura. Ga sabuwar doya ta fito, ya saro ta daga gonaki ya cika sito, don kai ta kasuwar Yendi da Bawku ya sayi motar tun farko. Abokan sana'arsa sun yi sawu biyar, shida, tasa kuma ta fara ruɓewa daga ƙasa, warin har ɗakina. Ni kam haushinsa nake ji, don gidan nan kaf shi muke kallo.

Kaka ta ce, "Yau me ya hana ta? Jiya ka ce batir."

"Yau iska ce ta shiga bututun mai."

"Shekaranjiya kuma ka ce ruwa. Ruwa, iska, saura ƙasa da wuta. Mota ka sayo ko aljana?"

"Irinki na sayo. Tsohuwa, ga tari, ga ci, ga ƙin tashi da safe."

"Ni ko yau aka murɗa mini kunne zan tashi. Je ka murɗa mata mu ji."

"Kina so ki ji kunya a gaban 'yarki? Yoo, shi ke nan."

Ya tafi yana kaɗa makulli, ya kori kaza, ya shiga ya murɗa. Injin ya yi gurnani, ya yi gurnani, bai kama ba. Ya sake. Ya fito yana buɗe hannuwa, fuskar nan har da wani annuri, kamar wanda ya ci gasa.

"Kin gani? Sai wani satin. Ki yi haƙuri, amarya, tafiyarki ta fasu."

"Zo nan. Na ajiye maka goro."

"Ke? Goro kyauta? Gwaggo, duba ta, jikin ya tashi."

Ta kwance bakin zanenta a hankali, don yatsun ma sun fara kumbura. Ta ciro ɗan ƙunshin ganye ta miƙa masa. Ya buɗe. Ba goro a ciki, sai wani ɗan abu shuɗi na roba mai haƙora biyu, bai kai ƙwayar dabino ba. Na ga hannunsa ya tafi aljihun ƙirjinsa ya dawo.

"Matarka Mardiya ta tsinta a rigarka wajen wanki, ta kawo mini ta ce ko laya ce," in ji Kaka. "Jiya Yusif ya zo duba ni na nuna masa. Ya ce fiyus ne, wanda in an zare shi mai ba ya isa inji. Ya ce motar nan ta tashi tun sati uku da suka wuce, har ya zaga da ita bayan makaranta. Kai kuma kullum kana mana wasan kwaikwayo."

"Yusif maƙaryaci ne. Ko keke bai iya gyarawa ba."

"Mutawakilu."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Na ajiye farantin wake.

Ya tsuguna a gabanta yana jujjuya abin a tafin hannu. Da ya yi magana muryar ba ta wasa ba ce.

"Ke kika ce ran da ta tashi kin shirya."

"Sai ka ɗauka Mala'ikan mutuwa a tasha yake zaune yana jiran a cika mota?"

"Ni dai na ga tunda take tsaye kina nan."

"Wawa. Wawan miji. Kakanka da ƙafa ya je masallaci, a kafaɗa aka dawo da shi. Wace mota ya jira? Ubanka fa?" Numfashi ya ɗan sarƙe ta, muka jira ya sake ta. "Doya tana ruɓewa, 'ya'yanka suna shan koko ba ƙosai, wai kai kana riƙe da raina a aljihu. Har an kusa wanke shi da sabulu."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya goge ido da kafaɗa. Ni ma sai na ji haushin nan na sati uku ya bi iska, tausayinsu su biyu ya cika mini ciki.

Ta ce, "Saurara. Ƙanwata Zuwera tana Yendi, shekara shida ban sa ta a ido ba, don ba na iya hawan lori. Gobe za ka loda doyar da ta rage a baya, ni kuma a gaba, kusa da kai, da sabon mayafina. Baya na doya ne tukuna. Je ka mayar da layarka."

Ya je. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan ya murɗa. Bugu ɗaya injin ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe darbejiya, kaji suka watse. Ban san lokacin da na juya na kalle ta ba. Shi ma ta tagar motar ita yake kallo.

Ta ɗaga hannu. "Me kuke kallo? Ga ni nan. Ta tashi ban tafi ba."

Ya bar injin yana aiki ya dawo yana dariya, ta gaske wannan karon. "Shi ke nan, kin ci. Amma kujerar gaba da tsada, amarya. Ba na ɗaukar tsofaffi kyauta."

"Ungo." Ta sake laluben zanen, ta ciro farin goro guda, babba, irin wanda take ɓoye wa manyan baƙi. "Na tafiya biyu ne, ta gobe da ɗayar. Ranar ɗayar ka share bayan da kyau, ba na son warin doya. Ka bi ramuka a hankali. Kuma in ka kuskura ka sa aka tura ni a gaban mutane, ban yafe ba."

"Goro ɗaya tafiya biyu? Kin cuce ni."

"Tun yaushe."

Ya karɓa da hannu biyu.

Yendi mun je, ta kwana uku wajen Zuwera, ta zagi tuƙinsa tun daga Salaga har muka dawo. Ɗaya tafiyar ma an yi ta, sati biyu bayan babbar salla. Ya wanke bayan motar har sau uku, ya bi ramuka a hankali, kuma ba a tura ba. Goron yana nan a gaban sitiyari, ya bushe, bai ci ba.