Ranar Da Na Matso Da Asusun Maigida Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da Nafisa, 'yarmu ta fari, ta haihu a gabana a nan Tanut. Mijinta bai daɗe da samun aiki ba, sai ƙanin maigida, Sani, direban babbar mota a Abijan, ya rantse shi zai sayi ragon suna. Maigida ma'aikacin dabbobi ne, lokacin yana Falanko wajen rigakafin shanu, don haka ni Sani ya kira.

"Matata, turo mini lambobin asusun Yaya gaba ɗaya. Ke da kika yi lakwal, kika sha boko, kar ki ba ni kunya."

Na ce, "Mijin wahala, ni da takardar birebe ta gama sakandare a akwati?"

Na ɗauko takardar banki. Lambobin kashi huɗu ne: na banki, na reshe (shi suke kira kod gishe), na asusun kansa, sai biyu a ƙarshe da ake kira makulli. Kusa da na reshe na ga an rubuta Damagaram, don can maigida ya buɗe asusun tun yana saurayi. Nan tausayi ya kama ni. Na ce wato kuɗin nan Damagaram za su sauka, bawan Allah ya dawo daga daji da ciwon baya, ya sake hawa mota ya bi hanyar nan? (Albashinsa fa a nan Tanut yake ɗauka duk wata. Ban tsaya na tambayi kaina ta ina yake biyowa ba.)

Na leƙa gidan maƙwabciyata, malamar makaranta mai asusu a reshen Tanut na bankin, na kwafo tata lambar reshe, na cire ta Damagaram na sa ta, na tura wa Sani. Har na yi wa matan da suka zo barka bayani: "Kuɗi kamar fasinja ne, tashar da ka faɗa nan ake sauke shi." Suka ce ai ilimi daɗi gare shi. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Maigida ya dawo, ya zaɓi rago wurin wani Buzu daga Tarka, aka yi alkawari zuwa ranar kasuwa. Kuɗi shiru. Sani kuma ya kama hanya, wayarsa ba ta shiga.

Ranar kasuwa na yafa mayafi na bi maigida banki. Ƙarshen wata ne, malamai da jandarmomi cike, har da mazan matan da na yi wa lacca. Yarinyar da ke gishe, wato tagar biyan kuɗi, ta duba ta ce ba abin da ya shigo. Ni da ko kaza ba na iya yi wa tsawa, ranar na buɗe murya, da Faransanci ma.

"Ku ji tsoron Allah, madmazel. Haƙƙin jariri ne kuka danne."

Ta ce a hankali, "Inna, mu ga lambar da aka tura masa."

Na miƙa waya ina hura hanci. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan kod gishe namu ne. Asusun Baba kuma na Damagaram ne."

"Na sani. Ni na matso da shi kusa."

Wani jandarma ya yi tari wanda ba tari ba. Yarinyar ta ce lambar reshe tana faɗin inda aka haifi asusu ne, ba inda kuɗi za su sauka ba, ko ina mutum yake zai ɗauka. In an taɓa ta, makullin ƙarshe ba zai dace da sauran ba, na'ura ta ƙi, kuɗi su tsaya wurin mai su.

Maigida ya gyara hula, ya ce wa jama'a, "Ku yi mata uzuri. Ni ma tun da na ɗauko ta daga Gangara nake so ta zama 'yar Tanut, katin ɗan ƙasarta ya ƙi, har yau Gangara yake cewa."

Da ƙasa ta tsage da na shige har da mayafi.

Kafin la'asar Buzu ya sayar da ragonsa, ba laifinsa. Maigida bai yi faɗa ba. Tsayawa kawai ya yi a tsakar gida yana kallon turke, inda Gwarzo yake, ragon da na rena da hannuna tun uwarsa ta mutu, da dusa da harawa da hira. Na ce, "Kwance shi." Ranar suna mata suna ta yabon nama wai ya yi maiƙo, ni kuwa ina shiga madafa ina cewa hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Daga baya Sani ya sake turowa da lambar Damagaram, kuɗin suka iso Tanut ba tare da kowa ya hau mota ba. Har yau in ya kira sai ya ce, "Matata, ki matso mini da Abijan kusa mana, na gaji da hanya."

Yanzu in tausayi ya taso mini, nakan yi alwala, in zauna, in tambayi wanda zan tausaya wa ko yana so. Lamba kuwa yadda na gan ta haka nake kwafe ta, ko da ta ƙasar Sin ce.