Rasuwar Dattijo, Firijin Inna

Da zuciya cike da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, iyalan Inna Nas suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta masu aiko da kwano neman ƙanƙara, rasuwar firijinsu da aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsaye kamar yadda ya rayu, yana da shekara ashirin da bakwai a bakin aiki.

Inna ta sayo marigayin ne shekarar da aka ƙara mata girma a asibiti. Ƙarti huɗu suka shigo da shi, sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya wuce. Ya zo fari sol, ya tafi da launin haƙorin tsoho.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Iyakarsa "hmmmm" daga safe zuwa yamma. Idan ya gaji sai ya ce "gar-gar-gar, tim!" ya girgiza har kwalaben cikinsa su gaisa. Baƙi kan zabura su nemi ƙofa, 'yan gida kuwa ko ɗaga kai ba sa yi. Wuta ta zo masa da ƙarfi ya karɓa, ta zo rabi-rabi ya karɓa, ta yi kwana uku ba ta leƙo ba bai kai ƙarar kowa ba. Naman maƙwabta ya kwana a cikinsa ba adadi, ba a taɓa cewa tsoka ɗaya ta ɓata ba.

Iyalan ba za su ɓoye ba, yana da hali guda. Duk wanda ya kama hannunsa da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi, sai ya ja shi. Inna ba ta taɓa yarda a kira wannan laifi ba. Tarbiyya ce, in ji ta, don haka ta ajiye silifa a gabansa.

Shi ne kuma sanadin gardama mafi tsawo a gidan. Baba, mijin Inna, ya dage cewa fitilar ciki ba ta mutuwa idan an rufe ƙofa. Duk wanda ya musa sai ya ce, "Kai ka taɓa shiga ka gani?" Aka shekara goma a haka, har ranar da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta kunna bidiyo a wayarta ta sa a ciki ta rufe. Aka ciro waya, duhu ne ƙirin. Baba ya kalla sau biyu ya miƙa mata abinta.

"Ai ya san ana kallonsa ne," ya ce.

Babban aikin marigayin ya zo ne a shekaru tara na ƙarshe, bayan ciwon suga ya kama Baba. Maganin allurarsa ba ya son zafi, kuma a jikin ƙofar Dattijo yake zama, layi na biyu, inda ba mai taɓawa sai Inna.

Jinyar ta fara ne da gumi. Kullum aka wayi gari sai a tarar da ruwa kwance a ƙarƙashinsa. Daga nan robar ƙofa ta saki, aka jingina masa kujera. Masana kuwa ba su yi ƙaranci ba. Kawu Direba, ƙanin Baba, ya ce gas ne ya ƙare, a kwantar da shi a jijjiga kamar yadda ake yi wa mota idan mai ya yi ƙasa. Goggo, yayar Baba, ta ce alhakin tukwane masu zafi ne da ake cusa masa, tana faɗa tana hararar kowa. Aka kira Yaya Injiniya, babban ɗan gidan, ya zagaya shi ya leƙa bayansa ya ce, "Inna, ni fa gada na karanta."

"To kuɗin makarantar duk a gada ya ƙare ke nan," in ji Inna.

Mai gyara ya zo sau uku. A na ukun ko jakar kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya kara kunne a jikin marigayin, ya daɗe, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Inna, injin ne ya gaji. Irin wannan ko kayan gyaransa an daina kawowa."

"Ɗan nan," ta ce, "na ga waɗanda likita ya cire rai da su sun tashi sun nemi abinci."

Jin haka Auta ta sayo sabon firiji ba tare da shawara ba. Inna ta sa aka ajiye shi a baranda cikin kwalinsa, ta lulluɓe shi da zanin tebur, ta mai da shi wurin ɗora kayan guga. Wata huɗu yana nan.

Ranar Talatar, Baba yana zaune ya naɗe hannun riga yana jiran allura. Inna ta janye kujera, ta buɗe ƙofa, ta ɗauko kwalbar magani. Ba sanyi ko kaɗan. Ta taɓa kwalbar ruwa, ita ma haka. Shekara talatin tana yi wa majinyata faɗa a kan barin magani a zafi, yau ga shi a hannunta. Ta juyo ta dubi Baba, wanda shi ne mai yawan shan ruwan gidan.

"Tun yaushe?"

"Tun Asabar."

"Kuma ka yi shiru? Da ranka ake wasa?"

"Na ga ba ki shirya ba ne," ya ce, yana kallon ƙasa.

Inna ta tura Kawu Direba kantin magani ya sayo sabo, ta gwada sugan Baba sau biyu kafin hankalinta ya kwanta. Sannan ta koma wurin marigayin, ta ɗora tafin hannu a gefensa kamar mai duba zazzaɓi. Jikinsa zafi rau. Ita da kanta ta sunkuya ta zare filogin. Ya ce "rrrr, tik," bai ƙara ba. A ranar ne 'yan gidan suka gano ashe agogon bangon falo yana da ƙara.

Ta daɗe a tsaye kafin ta ɗauki waya ta kira Auta. "Zo ki buɗe kwalin nan naki," ta ce, ta kashe.

Marigayin ya bar sitabilaiza ɗaya mai daidaita wuta da ta yi masa hidima har ƙarshe, da farantan ƙanƙara uku, ɗaya a fashe, da kujerar da ta tallafe shi, da silifa. Ya kuma bar wata kwalba a can ƙuryar ciki, wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta ko wanda ya ajiye ta. Mai ita ya zo da shaida.

Za a fitar da marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, bayan mai gyara ya zuƙe gas ɗin cikinsa yadda ya kamata. Ana neman maza huɗu masu lafiyayyen baya, da kafinta don cire ƙyaure. Makwancinsa ɗakin ajiya ne na bayan gida, inda zai ci gaba da riƙe wa Inna kwanukanta na baƙi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda tun ranar Laraba suke zarya a ƙofar gida, an gode da kulawa, amma su huta.

Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai ya tsufa," kada kuma su yabi sabon a gaban Inna. An ajiye shi can ɗaya gefen kicin, yana yi mata tsiwa da "fit-fit-fit" duk lokacin da ta bar ƙofa a buɗe, kuma har yau ba sa ga-maciji. Za a kawo ruwa mai sanyi. A sha, kada a tambayi daga ina. Idan kuma kuka ga Inna ta ɗauki kofi ta nufi inda marigayin yake tsayawa, ta ja ta tsaya, ta juyo a hankali, ku dubi wani wajen.