Mijin Beryl Ya Zaɓi Otal

Wani ne, tsohon direban bas a garin Barnsley can ƙasar Turawa, shekara arba'in da aure amma bai taɓa kai matarsa wurin da ta dawo tana murmushi ba. Amarcinsu a tsohuwar motar kwana ta kawunsa suka ci shi, a bakin teku, ruwan sama na ɗiga musu a ka. Bara kuwa, ranar tunawa da aurensu, kallon tseren tattabaru ya kai ta. Tattabara ta yi mata kashi a sabuwar hula. Ya ce alamar sa'a ce.

Matar, Beryl, ga ciwon gwiwa ga kaifin baki. Ƙanwarta Noreen kuwa mijinta ya kai ta garin Bath, ta shiga ruwan zafin nan mai ɓulɓulowa daga ƙasa. Tun da ta dawo ba ta da zance sai Bath. Abin ya ishi Beryl.

Ran nan suna shan shayi ta dire kofi.

"Bana Bath za ka kai ni."

Ya ce, "Garin da sunansa ma wanka? Haba Beryl, ga baho nan a sama, na gyara famfon."

"Buɗe kunnenka da kyau. Kai za ka zaɓi otal. Ina son tsohon gini mai tarihi. Ina son ruwan zafi saboda gwiwata. Ina son inda za a kula da ni kamar sarauniya. Ka sake kwafsawa, na rantse gidan Noreen zan koma, kai kuma ka yi ta cin waken gwangwani har ka mutu."

Gogan naka kuwa ko abin buɗe gwangwanin bai san inda ake ajiyewa ba.

Aka ce ya kama ɗaki ta waya tun daga gida. Ya ce shi ba ya sayen abin da bai gani da idonsa ba. Haka suka hau jirgin ƙasa, suka sauka Bath ana yayyafi. Ya zaunar da ita a wani shagon shayi kusa da babbar coci, ya saya mata burodin zaƙi, ya tura akwati ƙarƙashin tebur.

"Zauna ki huta. Yau za ki san mijin da kika aura."

Ta ce, "Tsoron da nake ji ke nan."

Otal na farko ƙaton gini ne na dutse, ƙofar kaɗai ta fi gidansa tsayi. A bayan kanta ga wani dogo cikin baƙar kwat, hanci a sama.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Ginin nan da kake gani ya haura shekara ɗari biyu, kuma ba mu canza komai ba."

"Komai?"

"Ko ƙusa."

"Har zanin gado?"

Dogon ya yi kamar bai ji ba. "Ɗakin da zan ba ku, wani babban janar ne ya kwana a ciki."

"Ya dai tashi?"

"Ya rasu tun ba a haifi kakanka ba."

"A ɗakin?"

"A kan gadon ma. Shi ya sa ake rububinsa."

Mutumin naka ya ja da baya kaɗan. "To, ruwan zafin fa?"

Nan dogon ya gyara kwat, ya zo inda yake so. "Ruwanmu, yallaɓai, ruwan sama ne da ya sauka shekaru dubbai da suka wuce. Ya nutse cikin ƙasa, sai yanzu yake fitowa da zafinsa."

"Na yau fa, babu?"

"Rumawa da kansu a cikinsa suka yi wanka!"

"Kuma har yanzu ba ku zubar ba?"

Ya fito yana girgiza kai. Ya ce a ransa, ga gari na masu kuɗi amma ƙazanta ta yi musu katutu.

Otal na biyu tun daga ƙofa ƙamshi ya buge shi, ga wata sarewa na tashi a hankali. Wata mata cikin fararen kaya ta tare shi, tana magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rashi a gidan.

Ya ce, "Matata ce. Gwiwa ke damunta, hutu take so."

"Ka kawo ta inda ya dace. Da farko za mu wanke ta tsaf."

"To."

"Sai mu shafe ta da man ƙamshi daga kai har ƙafa. Mu naɗe ta da farin ƙyalle."

"To..."

"Sai mu kwantar da ita a ɗaki mai duhu, mu rufe mata ido, mu kunna kyandir. Daga nan mu lulluɓe ta da laka, mu jera duwatsu a kanta."

Mutumin naka ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Matar ta ce, "Duk wadda ta bi ta hannunmu, ba ta ƙara jin ciwon komai."

"Ai na sani, baiwar Allah. Haka aka yi wa mahaifiyata. Ni hutu na ce a ba ta, ba hutun gaba ɗaya ba!"

Ya juya. Da ya kai bakin ƙofa ya ɗan tsaya kamar mai shawara da zuciyarsa. Sai ya tuna bai iya girki ba, ya fice.

Yanzu fa hankalinsa ya tashi. Ruwa ya jiƙa shi, ƙafa ta gaji, ga Beryl can tana jira. Ya yi ta hawan tudu yana leƙe-leƙe, sai ga wani tsohon gidan dutse, ga lambu, ga furanni, shiru kamar ba kowa. A jikin allo an rubuta Gidan Hutawa. Ya ce yauwa!

Yana shiga ya ga baƙi zazzaune a manyan kujeru, kowa da bargo a cinya, ana zagayawa da shayi a kan ƙaramin keke. Wani na gyangyaɗi, wata na saƙa. Bai lura cewa mafi ƙuruciya a cikinsu ya girme shi ba. Bai san gidan kula da tsofaffi ya faɗo ba.

Shugabar gidan, Misis Pargeter, mace mai fara'a da tabarau rataye a wuya, ta ja shi ofis ta ba shi kujera.

"Don kanka ne, Baba?"

"Don matata. Tana can shagon shayi na ajiye ta."

"Allah sarki. Ta san nan za ka kawo ta?"

"A'a! So nake ta gani kwatsam."

Misis Pargeter ta dafa masa hannu. "Kada ka ji komai. Da yawa haka suke yi. Ba abu ne mai sauƙi ba."

"Ke dai bari. Tun rana nake yawo, duk inda na shiga ba na yarda in bar ta."

"Tana mantuwa?"

"Beryl? Ina ma! Abin da na faɗa ranar aurenmu har yau tana maimaita mini."

"Maimaita tsohon zance," in ji Misis Pargeter tana gyaɗa kai. "Takan yi faɗa?"

"Sai in na yi magana."

"Takan ce za ta bar gida?"

"Ko shekaranjiya ta ce."

"Haka abin yake farawa. To, a nan mu ke yi mata wanka da ruwan ɗumi, mu gasa mata gwiwa, mu kai mata abinci har gado. In ta danna ƙararrawa, nan da nan wani zai zo."

Gogan naka ya washe baki. "Kamar sarauniya! Mutane kan yi kwana nawa a nan?"

"Yawanci har ƙarshe."

"Ƙarshen mako ya yi mana daidai. Ana ƙorafi?"

"Babu wanda ya bar gidan nan ya dawo da ƙorafi."

"Akwai ɗaki?"

Ta sassauta murya. "Ka taki sa'a. Ɗaya ya samu da safen nan. Mai shi ya tafi cikin barcinsa, lami lafiya."

"Cikin barci? Kai! Har wannan hidimar kuke yi? Wasu wuraren ai buga maka ƙofa za a yi ta yi sai ka fita. To ni a ina zan kwana?"

"Mazaje gida suke komawa. Sai dai ka riƙa leƙo ta ranar Lahadi."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Ya ce a ransa, lallai masu kuɗi sun san duniya.

Da sauri ya gangara ya ɗauko Beryl a tasi. Suna tsayawa ma'aikata biyu suka fito, ɗaya ya karɓi akwati, ɗaya ta turo kujera mai taya.

"Zauna, Mama, kada ki wahalar da gwiwa."

Beryl ta zauna, ta dubi ginin, ta dubi lambun. Aka tura ta falo, aka lulluɓa mata bargo, aka miƙo shayi da biskit. Wata ta durƙusa ta cire mata takalmi ta hau matsa mata ƙafa. Beryl ta lumshe ido.

Ta ce, "Maigida."

"Na'am."

"Ko Noreen ba a tura ta a keke ba."

Ya gyara tsayuwa, ƙirji a gaba. Shekara arba'in yana jiran wannan ranar.

Sai tsohuwar da ke saƙa a kujerar gefe ta leƙo. Edna sunanta, haƙori ɗaya gare ta a baki.

"Sabuwa ce ke?"

"Eh, yanzu muka sauka. Kwana biyu za mu yi."

Edna ta ƙyalƙyale da dariya har ƙwaryar zarenta ta faɗi. "Kwana biyu! Ni ma haka ɗana ya ce. Ya ce bari ya je ya gyara fakin. Yanzu jikata ma ta yi aure."

Beryl ta buɗe ido ɗaya.

Edna ta nuna mutumin naka da allurar saƙa. "Wannan ne ya kawo ki? Ya fi nawa kirki, ya shigo har ciki. Ki ɓoye haƙoranki da kyau in na roba ne, akwai mai ɗauka."

Beryl ta buɗe ɗaya idon. Ta dubi sandunan da ke jingine a bango. Ta dubi tsohon da ke barci baki buɗe. Sai ga wata ma'aikaciya ta iso da murmushi da alƙalami a hannu.

"Mama, kawo rigar sanyin in rubuta sunanki a wuya, kada ta ɓace wurin wanki. Kin iya zuwa banɗaki da kanki, ko sai an raka ki?"

Ai gwiwar da ta shekara tana ciwo, nan take ta warke. Beryl ta miƙe zumbur, bargo ya yi gefe, biskit ya yi sama.

"Kai! Gidan tsofaffi ka kawo ni?"

"Wane irin gidan tsofaffi? Otal ne! Ga tarihi, ga ruwan zafi, ga kulawa. Duk abin da kika lissafa!"

"Ka buɗe ido ka duba mutanen nan!"

Ya duba. "To ai masu kuɗi ba sa samun hutu sai sun manyanta."

Ta rarumi jakarta ta bi shi. Ya zagaya bayan keken shayi, ta zagayo. Tsofaffi suka farka, falo ya kaure. Edna na buga sanda a ƙasa tana ihu, "Ta hagu, 'yar uwa! Tare shi ta hagu!" Wani tsoho ya miƙa ƙafa, gogan naka ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin kujera mai taya, ta gangara da shi har jikin bango.

Misis Pargeter ta fito a guje. "Mama, kwantar da hankalinki, ranar farko kowa haka yake yi."

"Ranar farkon wa? Bikin shekara arba'in da aure na zo! Otal na aike shi nema!"

Misis Pargeter ta sa tabarau ta dubi mutumin, ta cire ta sake dubansa.

"Baba, otal ka ɗauka nan?"

Ya ce, "Ke ce fa kika ce ba a taɓa ƙorafi ba."

Ta toshe baki da hannu. Ta yi ta ba Beryl haƙuri, ta ce yanzu za a kira musu tasi, ta kuma aika a sauko da akwatin.

Beryl ta sa takalmi, ta gyara hula, ta numfasa. Ta dubi mijinta zaune a keken, wata ma'aikaciya har ta lulluɓa masa bargo don sabo, ya kuma karɓi shayi.

Ta ce, "Akwatin kaɗai za a sauko da shi. Ɗakin a bar shi."

"A bar wa wa, Mama?"

"Ga shi nan zaune. Ni zan riƙa leƙowa ranar Lahadi."

Misis Pargeter ta ce, "Ayya Mama, ba haka ake yi ba. Ba ma karɓar mutum sai likita ya duba ya tabbatar ba zai yiwu a bar shi shi kaɗai ba."

Beryl ta ce, "Likitan me? Yau da rana na bar shi shi kaɗai, kin ga inda ya kawo ni."