Rasuwar Barnabé, Amalanken Ɗakin Sulalla

Da zuciya mai nauyi, ni Gaëtan Rouxel, mai ɗaukar kaya a sashen tsofaffin sulalla na wannan Gida na adana kayan tarihi, nake sanar da abokan aiki, da masu gadi, da masu bincike, da duk wanda ya taɓa mannewa da bango don ya ba shi hanya, cewa Barnabé ya rasu. Ya cika ranar Juma'a, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a kwanar Lungun Makafi, yana kan aiki. A hannuna ya cika.

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, Barnabé shi ne amalanken katako mai hawa uku da ake ɗora wa farantan sulalla, daga ɗakin ajiya zuwa ɗakin masu karatu.

Ba a daidaita kan shekarunsa ba. Baba Anselme, wanda ya tura shi shekara talatin da takwas kafin ni, ya ce casa'in da ɗaya. Fulbert mai gadi ya ce ƙarya ne.

"Kai da ba ka tuna inda ka ajiye tabarau, kai ne za ka tuna haihuwar amalanke?"

"Tabarauna na kan hancina, ƙaton banza. Leƙa ƙarƙashinsa, kafinta ya rubuta shekarar da fensir."

"Ni in durƙusa? Wa zai ɗaga ni?"

A ɗakin kofi suka yi wannan, mako uku da suka wuce. Yanzu ba mai gardama da Baba Anselme. Lallaɓa shi ake yi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Gidan nan ya girmi marigayin nesa ba kusa ba. An ce da akwatunan wani sarki ya fara, mai son tara kuɗin sarakunan da suka mutu. Daga nan aka yi ta ƙari: abin da manoma suka tono da garma, abin da attajirai suka bari a wasiyya, lambobin yabo na yaƙe-yaƙen da ba mai tuna dalilinsu, zobba, hatimai, 'yan gumaka masu karyayyen hanci. Shekaru aru-aru a hannu ake ɗaukar farantan, har ranar da wani ya yi tuntuɓe. Sai aka sa kafintan Gida ya wargaza wata tsohuwar durowa, ya ƙera Barnabé da katakonta.

Ya ga yaƙi. Kwana huɗu ya yi yana jigilar akwatuna zuwa bakin ƙofa, aka loda su a manyan motoci aka ɓoye a ƙauye, shi kuma aka bar shi a Gida wayam yana jira. Shi ya mayar da su. Shekarar da kogi ya cika ya shigo ɗakin ƙasa, ruwa ya kai masa hawa na farko. Tabon na nan. Ya ga shugabanni tara, da yajin aiki ba adadi, da amalanke biyu na ƙarfe masu tayar roba da aka sayo don su gaje shi. Ɗaya yana wajen masu shara yanzu. Ɗayan ba a san inda ya shige ba.

Bai taɓa zubar da faranti ba. Bai taɓa neman hutun Agusta ba. Yakan ɗauki zinariya da tagulla a hawa ɗaya, bai bambanta su ba. Mariƙinsa ya yi santsi da tafin mutum biyar. Inda babban yatsan Baba Anselme ke zama ya lotsa, nawa kuma ya shiga ramin daidai. Ni jarrabawar ƙarshen sakandare sau biyu ta kayar da ni. Ba wanda ya taɓa miƙo mini abu mai daraja ya ce riƙe. Barnabé ne na farko.

Amma da murya aka san shi. Ƙafarsa ta gaba ta hagu tana kuka. Ƙii, ƙii, ƙwas. Biyu dogaye, ɗaya gajere. In an ɗora masa nauyi kukan ya yi kauri. A kan katako daban, a kan dutse daban.

Lungun Makafi siriri ne, ya tanƙware kamar gwiwar hannu, ba taga ba madubi. Duk wanda ya ji ƙii, ƙii, ƙwas sai ya tsaya cak, ya manna baya da bango, ya ja ciki, har faranti ya wuce. Shugaba ma haka take yi. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, kuma ba wanda ya gaya mini. Ni kullum ina bayan amalanken. In na karya kwana abin da nake gani shi ne mutane a jikin bango. Na ɗauka ladabin Gidan ne.

Ranar da gwiwoyin Baba Anselme suka gaji aka mayar da shi kai takardu ofis-ofis, ya ɗora hannuna kan mariƙin.

"Abu uku, yaro. Hannu biyu. Ban da gudu. Kada ka taɓa ƙafar nan."

"Me ya sa, Baba?"

"Don na ce."

Ya tafi cin burodinsa da cuku.

Jinyar marigayin gajeruwa ce. Kwana ɗaya. Ni na sa masa ciwon.

Wata goma sha huɗu ina jin kukan nan. Da farko kunya yake ba ni, musamman in na shiga ɗakin masu karatu kowa ya ɗago kai. Daga baya ya koma tausayi. Tsoho ɗan casa'in yana kuka duk taku, ba mai kula. Ranar Alhamis Gida ya watse hutun Agusta, saura mu shida. Da aka tashi aiki na durƙusa a gabansa, na fito da 'yar kwalbar man da nake sa wa sarƙar kekena. Ɗigo huɗu. Na juya ƙafar da hannu. Ƙii. Ƙi. Shiru. Na shafa masa baya na ce gobe ka huta. Ina so a san wannan: daɗi na ji.

Da safen Juma'a wata mai bincike daga Lyon ta nemi faranti ɗaya. Rami arba'in, kowane da ɗan sulen azurfa kamar farce, duk na sarki ɗaya, fuska ɗaya. A ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda zagayayya da rubutun hannu: inda aka tono shi, wanda ya kawo shi, da shekarar. Wasu tawadarsu ta haura shekara ɗari biyu. A sashenmu sulen da ya rabu da takardarsa ya zama guntun ƙarfe kawai.

Na fito. Hannu biyu. Ban yi gudu ba. Barnabé na tafiya sumul, ko motsinsa ba a ji. A kwanar sai ga Baba Anselme da kwalin takardu har haɓa, yana sauri, saurin mutumin da ya tabbata ba kowa a lungu.

Ba zan kwatanta ƙarar ba. Ƙafar baya ta dama ta tsinke daga gindi. Barnabé ya durƙusa. Farantin ya zame a hankali, ina kallo. Azurfa ta yi ta gudu kan dutse, kowanne da inda ya nufa. Takardun daga baya suka sauko, ɗaya bayan ɗaya.

Fulbert ya kulle ƙofofi kamar yadda doka ta ce. Aka zazzage aljihun kowa. Awa uku muka yi muna rarrafe. Baba Anselme ya karye a wuyan hannu, amma ya ƙi a kai shi asibiti sai da aka zaro na arba'in daga ƙarƙashin bututun ɗumama ɗaki.

Madam Vauquelin, shugabar sashe, ta baro bakin teku ta iso ranar Asabar, rana ta saɓule mata hanci. Ta zauna da ma'auni da tsofaffin hotuna tun safe har la'asar. Talatin da uku ta mayar kan takardunsu. Bakwai ba su da hoto, ba a kuma taɓa rubuta nauyinsu ba.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafa uku, da mariƙi, da ƙusa huɗu da ba nasa ba. Ya bar farantai dubu da wani abu da ba su san wa zai kai su ba. Ya bar marayu bakwai a ambulan ɗaya, takardunsu bakwai a wata ambulan, a durowa ɗaya, ba mai iya haɗa su har abada. Ya bar Baba Anselme. Ya bar ni.

Da Madam ta gama ta kira mu ofis.

"Anselme, ba ka ji shi ba?"

"Ban ji ba, Madam."

"Daga bakin lifta ake jin Barnabé."

"Na sani, Madam. Rabin Gidan nan ni na koya musu jin sa."

"Shekarunka nawa yanzu?"

"Sittin da ɗaya. Kunnena kuwa na ɗan yaye ne."

Fulbert ya yi gyaran murya. Shi a ganinsa taimako zai yi.

"Madam, a yi masa uzuri. Makon jiya ma sau uku na kira shi kafin ya juyo."

"Don ba na son magana da kai ne, ƙaton banza."

Ba wanda ya yi dariya. Madam ta juyo wajena.

"Rouxel, amalanken lafiya yake da safen?"

Na ce lafiya. Kalma ɗaya. Ta rubuta.

Ta yanka wa Baba Anselme ranar ganin likitan kunne. In sakamako ya zo ba daɗi, ba zai ƙara taka ɗakin ajiya ba, gida zai koma tun lokacinsa bai yi ba. Ɗaki ɗaya yake zaune, hawa na shida, shi kaɗai. Kullum awa guda kafin lokaci yake zuwa aiki, ya zauna kan benci yana jiran a buɗe.

A bakin ƙofa ya tare ni, hannu a naɗe cikin farin filasta.

"Yaro, kai ka ji shi?"

"Ban lura ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona.

"Haka ne. Mai turawa ba ya ji."

Ya gyara mini kwalar riga da hannunsa mai lafiya, ya tafi.

Tun lokacin ban ci abin kirki ba. Kwalbar man na jefa a kwandon shara, tasha uku kafin unguwarmu. Na wanke hannu da sabulun wanke-wanke har ya yi ja, har yanzu ina jin warin. In mutum ya matso kusa da ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai in cusa hannuwana a aljihu. Takardar aikina ta gwaji ce, sai Oktoba za a tabbatar. Mahaifiyata ta gama gaya wa duk matan benenmu cewa ɗanta ma'aikacin gwamnati ne, yana taɓa kuɗin sarakuna da farar safar hannu. Yau da rana ta tambaye ni me ya sa nake zabura in ƙofar firji ta yi ƙara.

Ba zan ɓoye wannan ba ma. Jiya kafin in bar Gida na tsuguna a tsakar gida na ɗebi yashi a aljihu, na nufi ɗakin kafinta inda aka kwantar da gawar. Ɗan yashi kaɗan a ƙafar, ƙila muryar ta dawo. A kulle na tarar. Fulbert da wani mai gadi ne suka ɗauke shi cak ranar Juma'a, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, Madam ta ce kada kowa ya taɓa shi. Makullin na ƙugun Fulbert. Yashin na aljihuna har yanzu.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Gobe Litinin, ƙarfe tara na safe. Bisa al'adar Gida, duk wanda ya yi dogon aiki ya tashi tafiya akan yi masa wucewar ƙarshe ta Lungun Makafi, ma'aikata a jikin bango. Ba a taɓa yi wa amalanke ba. Baba Anselme ne ya roƙa, Madam ta amince. Waɗanda hutunsu bai kai su nesa ba sun ce za su zo. Fulbert zai ɗaga baya, tunda ƙafar can ta tafi, marigayin ya tafi kan ƙafafunsa na gaba. Ni aka ce in riƙe mariƙi.

Baba Anselme ya roƙi abu ɗaya kuma: a tsayar da shi bayan kwanar, daidai inda ya faɗi, idonsa a rufe.

"In na ji shi, Madam, a yaga takardar likita. In kowa ya ji ban da ni, ba sai an kore ni ba. Da ƙafata zan tafi."

Ba a buƙatar furanni, ba a shiga da su sashen. Za a sha kofi bayan an gama. Kafinta zai cire mariƙin a ajiye. Sauran gawar za ta kwana a tsakar gida, motar manyan shara ta ɗauke ta ranar Talata. Masu son yin ta'aziyya su yi wa Baba Anselme. Kada a yi mini.

Don allon ɗakin kofi na rubuta wannan sanarwa. Ban manna ba. Tana aljihun da ba yashi.

Lungun taku ashirin da biyu ne, na sha ƙirgawa. Mutum goma sha bakwai za su manna baya da bango, su ja ciki, su yi tsit suna jiran ƙii, ƙii, ƙwas. A can bayan kwana tsoho zai rufe ido ya kasa kunne.

A taku na nawa zan buɗe baki?