Aminin Alhaji Sahabi

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Maraɗi sayen babbar mota ba, ni da yayana Illo. Farkon shekarun 1980 ne, ina saurayi, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke cikin kwari tsakanin Buza da Keita. Kowa Mushe yake ce mini (monsieur ke nan na Faransanci, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu), har tsofaffin da suka ga ranar sunana, kuma gaskiya sunan ya hau mini kai.

Gidanmu manoman albasa ne. Kowace shekara sai mu cire albasa mu zuba a rumbu, mu zura wa hanya ido muna jiran motocin Madawa. Kafin su ga damar hawo duwatsunmu wata ta fara ruɓewa, sauran kuma su saya yadda suke so. Da abin ya ishi Baba, sai ya tara 'yan'uwansa suka yanke shawara a sayi mota ta gida. Aka sayar da bijimai, kawuna ya saki raƙuminsa, Yaya Illo ya kawo abin da ya tara a shekarun da ya yi yana tuƙa motocin mutane. Duk da haka kuɗin bai kai farashin sabuwa ba, ya rage kaɗan. Baba ya ce in ba a yi mana ragi ba mu dawo da kuɗin, a nemi tsohuwa. Ni dai na san Yaya ya gaji da kwanciya ƙarƙashin tsofaffin motoci a tsakar daji.

Ni aka haɗa shi da ni saboda Faransanci. Ban taɓa sayen abin da ya wuce keke ba, amma na tabbatar wa Baba cewa ciniki ilimi ne, kuma ilimin yana wurina. Na ari takalmin shugaban lakwal ɗinmu (ya matse ni, amma yana ƙyalli), na sa kwat a cikin zafin bazara. A hanya na kafa wa Yaya doka: kada ya yi magana, kada ya yi murmushi, kada ya shafa mota, kada ya nuna wa kowa tana burge shi. Mutumin da ya girme ni da shekaru masu yawa, amma ya ce to.

A kamfani na farko na gwada dabarar da na gani a kasuwar shanu ta Buza. Na taya, mai sayarwa ya ƙi, na juya na kama hanyar fita a hankali ina jiran ya kira ni. Na kai ƙofa ba a kira ni ba. Na tsaya na gyara igiyar takalmi, shiru. Da na waiga, mutumin har ya koma kan shayinsa. Na gaya wa Yaya cewa da ma motocinsu ba su yi mini ba.

Kamfani na biyu yana da babban fili, ga motoci sababbi a jere. Akwai wata shuɗiya a gaba, wadda ko ni da ban san komai ba sai da ta burge ni. Kusa da ita wani siririn dattijo ne tsaye cikin rigar kaki irin ta ma'aikata, da makullai a hannu yana kaɗawa. Na ce a raina ga mai sayarwa. Ina ganin Yaya ya fara rage tsawo zai durƙusa ya gaishe shi, sai na riƙo rigarsa na harare shi. Wa ya taɓa durƙusa wa mai sayarwa ya samu ragi?

Na tari dattijon da Faransanci, irin na cikin littafi, shi ma ya amsa da Faransanci, irin na waɗanda suka zauna Abijan. Ban ko gaishe shi da kyau ba na shiga kushe motar. Na ce fentin kamar ragowa aka shafa mata, bodin bai da kauri, gabanta kamar na kwaɗo. Na kai wa taya shuri don in nuna ƙwarewa, babban yatsana ya faɗa mini gaskiya, na haɗiye zafin. Na rufe da cewa sai baƙauyen da kuɗi ya yi wa yawa zai sayi wannan a farashin da suke faɗa. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce lallai na san mota.

Wannan yabon ne ya ƙarasa ni. A ƙasarmu a lokacin ba wanda bai san sunan Alhaji Sahabi na Madawa ba, don rabin motocin da ke ɗaukar albasa nasa ne. Ni ban taɓa ganinsa ba, sunansa kawai nake karantawa a jikin ƙofofin motoci. Sai na ce bari in jingina da shi. Na rage murya, na gaya wa dattijon cewa Alhaji Sahabi aminina ne, kwano ɗaya muke ci, kuma shi da bakinsa ya ce mini irin wannan mota ba ta iya hawan Buza da kaya. Na ƙara da cewa in aka kyautata mini zan sa baki Alhaji ya riƙa saye a wurinsu, in kuwa aka ƙi, to, kalma ɗaya tawa ta isa.

Na saci kallon Yaya, na ga fuskarsa ta saki, har yana gyaɗa kai. (Daga baya ya gaya mini cewa a duk Faransancin nan ba abin da yake ji sai "Alhaji Sahabi, Alhaji Sahabi", sai ya ɗauka na gane mutumin, ina yi masa kirari ne irin na 'yan boko.)

Dattijon ya ce ya daɗe yana jin labarin wannan Alhaji, ko zan kwatanta masa shi? Da ina da hankali da a nan na tsaya. Sai na buɗe hannuwa na nuna faɗinsa. Na ce ƙato ne, da tumbi, da haƙorin Makka, in ya zauna a gaban mota sai ta karkata gefensa. Dattijon ya yi tari, ya juya yana duba madubin motar na ɗan lokaci.

Ana haka wani matashi mai farar riga ya fito daga ofis da takardu a hannu. Ya wuce ni kamar ba ni a wurin, ya russuna wa dattijon, ya ce da Hausa, "Alhaji Sahabi, an gama komai. Motarka ce, sai ka sa a fitar da ita."

Ban san ko kun taɓa jin takalmi ya ƙara matsewa a ƙafa nan take ba. Na buɗe baki, Faransancin ya gudu, Hausar ma ba ta zo ba. Na tuna baƙauyen da kuɗi ya yi wa yawa, na tuna tumbi, na dubi ƙofar fita na ga ta yi nisa.

Alhaji ya dube ni, ya saki Hausarmu ta Adar tsantsa. "To Mushe, ga amininka. Sai dai ka yi haƙuri, tumbin na baro shi gida."

Sannan ya juya ga Yaya, wanda ya riga ya kai ƙasa yana gaisuwa. Ashe ya san shi, sun sha haɗuwa a tashar Madawa. "Illo, wanga ƙanenka na?" Yaya ya ce e, ƙanensa ne. Alhaji ya tambayi abin da ya kawo mu, Yaya kuwa ya faɗa masa komai tiryan-tiryan, duk abin da na hana shi faɗa: albasar da ke ruɓewa, bijiman da aka sayar, kuɗin da bai kai ba, da yadda motar ta kwanta masa a rai. Yana magana yana shafa ƙofarta.

Na jira faɗa, ko a kira mai gadi ya fitar da ni. Sai Alhaji ya kira matashin nan, wanda shi ne mai sayarwar na gaskiya. Ya ce masa akwai sauran motocin da ya yi oda, a haɗa tamu a ciki, a ba mu a farashin da ake ba shi. Matashin ya fara kame-kame, ya ce sai ya tambayi mai gidansa. Alhaji ya ce ya je ya tambaya, shi yana nan tsaye. Bai daɗe ba ya dawo yana murmushi. Kuɗinmu ya isa, har da ragowar da muka yi takardu muka sha mai.

Na samu bakina da ƙyar, na durƙusa da kwat ɗina a cikin ƙurar filin ina ba shi haƙuri. Ya kama hannuna ya tashe ni. Ya ce mota guda a kwarinmu ba za ta rage masa komai ba, kuma ya san ɗacin albasar da ta ruɓe, don ubansa ma manomi ne. Ya ce abu ɗaya yake so, in muka hau Buza da kaya in aiko masa da labari, tun da an ce shi ya ce ba ta iyawa.

Tamu ta hau kuwa, da buhuna har sama, Yaya yana tuƙi yara suna bin mu da gudu. Motar nan ta ɗauki albasarmu da ta maƙwabta shekara da shekaru, a cikinta aka kai mata masu naƙuda asibiti, daga kuɗinta aka aurar da ƙannenmu. Yaya bai taɓa ba Baba labarin ba. Da aka tambaye shi yadda aka samu ragi, cewa ya yi Mushe ne ya fara magana da Alhaji, kuma bai yi ƙarya ba. Alhaji ma, Allah ya jiƙansa, bai tona ni ba har ya bar duniya. Sai dai duk ranar da na bi ta tashar Madawa ya hango ni, zai sa a matsa mini a kan tabarma, ya ce wa mutanensa, "Ku kawo kwano, ga aminina ya zo." Su ɗauka girmamawa ce, ni kuwa in ci tuwon kaina a ƙasa.

Tun daga ranar, duk inda na shiga sai na yi sallama, na gaisa, na tambayi mutum sunansa, kafin in fara gaya masa manyan mutanen da na sani.